Kafin ka zaɓi babbar mota a Damagaram, fara lissafa hanyoyin da za ta bi

Ranar wata Laraba bayan isha'i ƙanin maiɗakina ya shigo gidana a Sabon Gari, bai ma gama zama a kan tabarma ba ya miƙo mini wayarsa. Hotuna uku ne wani dillali ya turo masa daga Lome: RAV4 fara, Highlander baƙa, da wata Prado mai ruwan toka da ta ɗan kwana biyu. Ya ce, "Yaya, wacce zan ɗauka? Kuɗin suna hannu, ina tsoron kada su narke." Na mayar masa da wayar, na ce ya lissafa mini duk garuruwan da ya je cikin wata shidan da suka wuce, da irin hanyar kowanne. Ya yi shiru yana ƙirga da yatsu: Miriya kusan kowane mako, Magariya sau huɗu, Maraɗi sau biyu, Yamai sau ɗaya, sai ƙauyensu da ke bayan Kance, inda ake sauka daga kwalta a yi ƴar tafiya a burji. Daga nan muka fara magana, domin a wannan lissafin amsar take.

Na yi shekara 17 ina tuƙa motar wani shirin noma da kiwo, tsakanin Tanut, Gure da rairayin Tasker. Da na bar aikin na tattara abin da na samu na sayi motar kaina, ta waya, ta bakin dillali. Doguwa ce, mai faɗin taya, an ce mini kat-kat ce, wato mai jan taya huɗu. Da ta iso na leƙa ƙarƙashinta na ga babu kardan ɗin da ke kai juyi ga tayoyin baya, wato tayoyin gaba kaɗai ke ja. Na ce a raina gwanintar hannu za ta cike giɓin. Cikin watan Mayu aka yi mana rasuwa a wani ƙauye arewa da Damagaram Takaya, na ɗauki Inna muka tafi gaisuwa. Wajen sha biyun rana muka shiga wani kwari mai laushin rairayi, tayoyin gaba suka fara tono, cikin motar ya zauna daram a ƙasa. Na sassauta iskar taya, na haƙa da hannu, na cusa rassan sabara, ba ta motsa ba, sai warin man giya da ya ɗauki zafi. Inna tana fama da hawan jini. Na shimfiɗa mata darduma a gindin wata aduwa da inuwarta ba ta kai zani ɗaya ba, ruwanmu kuma bai fi rabin jarka ba. Ina kallon yadda take shafa ruwa a goshi da gefen mayafinta, tana ce mini, "Ɗan nan, bar wahalar da kanka, Allah zai kawo wani." Sai bayan awa uku wani mai amalanke ya zo da shanunsa biyu suka fisge mu. Wata biyu bayan haka na sayar da motar da faɗuwa. Tun daga ranar ba na yarda wani nawa ya sayi babbar mota ban kwanta a ƙarƙashinta ba.

Abin da ya kamata mai saye ya fara ganewa shi ne, motocin nan da muke haɗawa mu kira kat-kat gida biyu ne. Akwai masu shasi, wato ƙarfe biyu masu kauri da suka miƙe daga gaba zuwa baya kamar tsani, aka ɗora jikin motar a kai. A wannan gidan ake samun Prado, Land Cruiser, Fortuner, 4Runner da Nissan Patrol, irin ginin Hilux ke nan. Akwai kuma waɗanda jikinsu da ƙashinsu abu ɗaya ne, kamar ƙaramar mota da aka ɗaga sama: RAV4, Highlander, Lexus RX, Honda CR-V, Hyundai Tucson da Santa Fe, Kia Sportage. Highlander da Lexus RX a kan ginin Camry aka yi su, shi ya sa suke da laushin tafiya a kwalta. Mai shasi tana jure gargada da kaya da jan wata motar, amma tana da nauyi, tana shan mai, tayarta da tsada. Maras shasi ba ta da nauyi, ba ta cin aljihu sosai, amma in ka dage kana dukan burji da ita kowane mako, ƙafafunta za su fara kuka tun ba a je ko'ina ba.

Abu na biyu ya fi na farko muhimmanci ga mai shiga daji. Rubutun da ke manne a bayan mota ba hujja ba ne, a kasuwa ake sayar da shi. Yawancin RAV4, Highlander da CR-V da ke zuwa daga Amurka iri biyu ne, masu jan taya huɗu da masu jan biyun gaba, kuma daga waje ba ka bambance su. Har 4Runner, da duk girmanta, akwai wadda tayoyin baya kaɗai ke ja. Durƙusa ka duba. In ka ga sandar ƙarfe ta taso daga bwat, wato akwatin giya, ta nufi baya ta shiga wani ƙullutun ƙarfe tsakanin tayoyin baya, to juyi yana kaiwa can. A mai shasi kuma gaba za ka duba, ka ga ko akwai sandunan da ke shiga tayoyin gaba. Sannan ko a cikin masu jan huɗun akwai fifiko. Prado da ƴan gidanta suna da ƙaramar giya ta ƙarfi, wadda ake rubuta wa L ko 4L, mai sa mota ta yi tafiyar hawainiya amma da ƙarfin raƙumi. Ita ke fitar da kai daga rairayi mai zurfi da hawan tudu da kaya. RAV4 da Highlander ba su da ita. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana da wani maɓalli da ke kulle ƙarfi tsakanin gaba da baya, yana taimako a ɗan yashi ko taɓo, amma da ka wuce gudun kilomita 40 yake sakin kansa. Na ƴan mitoci ne, ba na wuni guda a tudun Tasker ba.

To wa ke bukatar wacce? In rayuwarka a kan babbar hanya take, Yamai zuwa Diffa, ko ta Matamaye zuwa Ɗan Barto, ko Magariya, sai ɗan burji jefi-jefi da lungunan Birni da Garin Malam da ruwa ke cinyewa da damina, RAV4 ko CR-V mai jan huɗu ta ishe ka har da saura. Tsayin cikinta daga ƙasa wajen santimita 19 ne, ya fi na ƙaramar mota nesa ba kusa ba, kuma a cikin garin nan mai duwatsu wannan tsayin shi ne rabin abin da ake nema. In iyalinka da yawa, kana son kujera layi uku da sanyin tafiya mai nisa, Highlander ta fi, sai dai ka sani layin bayan na yara ne, kuma in ka buɗe shi wurin kaya ya tafi. Amma in kana da dabbobi a arewacin Tanut, ko gona a inda amalanke kaɗai ke zuwa, ko kana bin kasuwannin ƙauye da buhuna, ko hanyar Agadas ta zame maka dole, kada ka wahalar da kanka da ƴan kwalta. Nemi mai shasi mai ƙaramar giya, ko da ta girmi waccan da shekara biyar.

Ni a wurina tsohuwar Prado mai lafiya ta fi sabuwar mota mai ƙyalli da ba a san ciwonta a garin nan ba, amma Prado ma suna ne ya tara su, injinansu daban-daban. Ƙirar da ake ce wa 120 an yi ta daga 2002 zuwa 2009, mai bi mata 150 ta fara daga 2009. A cikinsu akwai mai injin fetur lita 2.7 mai silinda huɗu: ba ta da gudu, in ta ɗauki kaya tana nishi a hawa, amma ba ta da rigima. Akwai V6 mai lita 4, ƙarfi kamar me, shan mai ma haka. A na gazuwal, wato man dizal, akwai injin da ake kira 5L mai lita 3 maras turbo, wanda kowane bakanike a Damagaram ya san cikinsa kamar tafin hannunsa, sai dai kada ka yi gaggawa da shi. Akwai kuma D-4D, shi ma lita 3, mai turbo da nozul na lantarki masu fesa mai cikin inji. Yana da ƙarfi da tattalin mai, amma ba ya yafe gurɓataccen gazuwal. Ruwa kaɗan ko ƙura a tanki sai nozul su tafi, kuma kuɗin guda huɗu ya isa ya sayi babur sabo. Wanda zai riƙa shan mai a jarka a ƙauye ya yi nesa da shi. Land Cruiser ƙirar 70 mai injin 1HZ, silinda shida lita 4.2, ita ce uwar daji, da ita na yi yawancin shekaruna. Sai dai motar aiki ce, tana da tauri, mai ciwon baya ko mai ɗaukar tsofaffi zuwa Yamai ba zai ji daɗinta ba. Babbar V8 kuwa, in ba ka da abin da zai ciyar da ita ba tare da ka taɓa cefanen gida ba, bar ta ga masu ita.

Maganar mai sai an yi ta da alƙalami. Matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu a hanyar Tanut tun 2011, kuma a watan Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Ka lura, a nan gazuwal ya fi fetur tsada, don haka ribar injin gazuwal ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba sai ga mai doguwar tafiya kullum. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. RAV4 mai silinda huɗu da ke shan wajen lita 10 a kilomita 100 za ta ci lita 90, kimanin jika 45 a wannan farashin, wato sefa dubu 45. Prado V6 da ke shan wajen 14 za ta ci lita 126, kimanin jika 63. Zuwa kaɗai ke nan, ban sa kilim, wato na'urar sanyaya mota, da kaya da iskar gaba ba. Ninka shi da yawan tafiyarka a shekara ka ga ko aljihunka zai ɗauka. Da can mutane suna sayen manyan injina suna dogara da man ƴan ruwa-ruwa mai araha da ake shigo da shi daga Najeriya, amma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 wannan lissafin ya rushe. Wanda kuma ya kwana a layin gidan mai lokacin ƙarancin mai na watan Maris na 2025 ya san darajar babban tanki. Wasu Prado suna da tanki biyu, na ƙirar 120 har lita 180 suke ɗauka, ga mai shiga daji wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin ka ba da ko dala, je wurin masu sayar da kayan gyara da sunan motar da shekararta a rubuce. Tambayi kuɗin abu biyar da ba makawa sai ka saye su: amotisa mai shanye gargada, birki, matatar iska, famfon ruwa da gilashin gaba. In mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko, alama ce mai kyau. In ya ce sai an aika Kano, da sauƙi, kwana biyu ne ko uku in iyaka lafiya. In ya ce sai Dubai, to ka san motarka za ta riƙa yin wata guda a kan duwatsu saboda ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Abin da ya sa Toyota ta mamaye garin nan ke nan, ba wai sauran ba su da kyau ba ne. Hyundai da Kia sun fara samun kaya da masu gyara, kuma kuɗin sayensu ya fi sauƙi, sai dai ranar sayarwa ba sa riƙe daraja kamar Toyota. Ina jan kunnen mutane kan abu uku. Na ɗaya bwat ɗin da ake kira CVT, mai aiki da bel na ƙarfe maimakon haƙoran giya, wanda ke cikin Nissan Murano da Rogue da X-Trail na baya-bayan nan: zafi da rairayi ba abokansa ba ne, masu gyaransa kuma ba su da yawa. Na biyu ƙafafun da ke tashi da iska maimakon sifirin, irin na Range Rover da bayan Lexus GX 470, ranar da jakar iskar ta fashe motar durƙusawa take yi. Na uku mota mai haɗin batir da fetur. Tana da tattalin mai ƙwarai, amma batirinta da iska yake shan sanyi, ga ƙurar hunturu ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Sai ka tabbatar akwai mai duba maka ita a kusa.

Yanzu sai duba motar kanta, kuma ba a cinikin biri a sama. Yawancin okaziyo, wato motocin da aka riga aka yi amfani da su, da ke shigowa ta tashar jirgin ruwa suke biyowa, da can Kwatano, amma tun rufe iyakar Benin a 2023 hanya ta koma Lome ta ratsa Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗi ya ƙaru. In za ka iya, sayi wadda ta riga ta iso ƙasa, ka gan ta da idonka, ko da za ka ɗora wani abu a kai. In dole sai ta waya, a ɗauko maka bidiyon ƙarƙashinta da na tayar da inji da lambar shasi, kuma wanda zai ɗauka ya zama naka ne, ba na mai sayarwa ba.

Akwai wani dattijon bakanike a Zango da nake ɗauka duk lokacin da za mu duba mota, Baba nake ce masa. Ba ya yarda a je sai da sassafe, kuma abin da yake fara yi shi ne ɗora bayan hannunsa a kan inji. In ya ji ɗumi sai ya ce, "Ɗana, mu koma gobe, an riga an tayar da ita." Gaskiyarsa, inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwo. Yana sa a tayar yana tsaye a bayan motar: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai ne take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Yana buɗe murfin mai ya duba cikinsa, in ya ga abu kamar kindirmo ya rufe ya yi gaba. Yana zaro sandar man bwat ya shinshina, in akwai ta, jan mai mai tsabta yake nema, ba baƙi mai warin ƙuna ba. Sannan ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ya shafa, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba ko akwai zanen laka, domin motocin da ambaliya ta cinye a Amurka suna shigowa an wanke su tas, sai bayan wata uku lantarkinsu ya fara hauka. Daga nan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙasa da tocila da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa shasi. Motar da ta fito Kanada ko arewacin Amurka ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa tana cin ta daga ciki. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi kamar ana dukan busasshiyar ƙwarya. In ya ga sabon baƙin fenti a ƙasan tsohuwar mota, nan yake daɗewa.

Lambar tafiyar da ke gaban direba kada ta ruɗe ka. Ta motar Amurka da mil take ƙirga, mil 100,000 kilomita 160,000 ne, kuma ana mayar da ita baya. Dubi sitiyari da fedar birki da gefen kujerar direba, su ba sa ƙarya. RAV4 mai injin lita 2.4 ta 2006 zuwa 2008 an san wasunsu da shan man inji, mai lita 2.5 da ta biyo baya daga 2009 ta fi kwanciyar hankali. Highlander V6 ta kafin 2008, da injinan gazuwal 5L da D-4D da 1HZ, dukkansu da bel na roba cikinsu yake juyawa, ba sarƙa ba. In ba ka da tabbacin ranar da aka canza shi, canza shi a makon farko. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai cinye ba, kwaltar Gure da rana tsaka tana iya fasa ta. Duba kuma ko tayar ajiya cikakkiya ce. RAV4 daga 2013 ƴar siririya take zuwa da ita, wadda ba ta da amfani a burji.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagayen Kasuwar Dole. Hau kwalta ka kai gudun 100 ka ji ko sitiyari na rawa, kunna kilim ka tsaya a rana minti 15 kana kallon allurar zafi, sannan ka nemi wuri mai yashi a bayan gari ka sa ƙaramar giya ka ji ta shiga ta kuma fita ba gardama. A motocin da ake sa musu kat-kat da hannu, irin Hilux da ƙirar 70, kada ka gwada shi a kan kwalta, yana ɗaure ƙarafunan. Mai motar da ya hana ka waɗannan gwaje-gwajen ya riga ya ba ka amsa.

Takardu kuwa, lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke gindin gilashin gaba da jikin ƙofar direba ta zama daidai da ta kart giriz, wato takardar rajistar mota, da ta takardar duwan, wato kwastan, harafi da harafi. Motar da ta shigo daga Najeriya ko ta gangaro daga Libiya ana yawan sayar da ita da araha saboda ba a biya mata duwan ba, je ofishin duwan da kanka a lissafa maka kafin ka yi ciniki. A rubuta takardar sayarwa da shaidu, a buga mata hatimin hukuma. Kuma kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ni nakan ce a ware kashi ɗaya cikin goma, domin asuransi, wato inshora, da harajin mota na binyet da canjin duk mayukan mota da matatu, da wataƙila taya huɗu da batir, suna jiran ka a watan farko.

Ƙanin maiɗakina ya so Prado ɗin nan ƙwarai, na gani a idonsa. Muka zauna muka lissafa man da za ta sha a shekara da kuɗin tayarta huɗu, muka ɗora a kan albashinsa, ya yi shiru. Hotunan Lome muka bar su. Bayan mako uku muka samu RAV4 ta 2011 mai lita 2.5 a hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Baba ya shiga ƙarƙashinta ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce kardan yana nan, ƙarƙashinta lafiya, amotisa na baya ne suka gaji, a rage jika 150. Aka rage 100. Na sa shi ya sayi shebur da igiyar ja da famfon taya da jarkar ruwa mai lita 20 ya ajiye a baya, na kuma nuna masa yadda ake sauke iskar taya zuwa kilo ɗaya da rabi kafin a shiga yashi, a mayar da ita da an hau kwalta. Da damina ta sauka ya kai mahaifiyarsa ƙauye ya dawo, ya kira ni daga Kance ya ce sau ɗaya kawai ya danna maɓallin kulle ƙarfin nan, a mashigar ƙoramar da ke gaban garinsu.